Ginshiƙi na Huɗu

A layinsu babu mai kiransa da sunan yanka. Almakashi ake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci. Shekara ashirin da bakwai yana aski, sha huɗu daga ciki a shagon da ke ƙasan wani tsohon bene. Ɗakunansa biyu suna kan shagon. Sama da su malamar makaranta ce da tagwayenta, can ƙololuwa kuma wani tsoho mai ciwon ƙafa wanda ba ya saukowa sai ranar asibiti. Mai ginin yana wani gari, sau ɗaya a shekara ake ganin fuskarsa.

Mutum ne mai jin sirrin kowa, ba ya ba da nasa. Ya iya irin dariyar nan da ke sa wanda ke kan kujera ya ci gaba da zuba, har ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Ba ya tsoron ɗan daba, ba ya tsoron mashayi, ya sha aske su duka. Ofis kawai yake tsoro. Mahaifinsa ya rasu yana yi musu wasiyya ɗaya: kada ku bari sunanku ya kwana a ofis, takarda ba ta mantuwa.

Shekara tara da suka wuce akwai ginshiƙi a tsakiyar shagon, wani ƙaton abu da ya hana shi sa kujera ta uku. Ya kira magini ya ce a cire, maginin ya ce ba da hannunsa ba. Ya kira na biyu, shi ma ya ɗauki jakarsa ya fita. Na ukun ne ya ƙwanƙwasa ginshiƙin da guduma ya ce ai wannan na ado ne, ba ya ɗauke da komai. Almakashi ya yarda da na ukun, aka cire ginshiƙin. In da za a tsare shi a tambaye shi, zai rantse cewa masani ne ya ba shi shawara, ba zai ambaci biyun farko ba. Ko a ransa ma ba ya ambatonsu.

Tsagar ta fara ne daga saman ƙofar shago, siririya kamar gashi, ta bi bango ta shiga ɗakin kwanansu ta bayan wadrob. Da ta kai hawa na biyu, malamar ta kai kuka hukumar gari, aka aiko da takarda cewa injiniya zai zo duba ginin jibi. A kwana biyun nan Almakashi ya sa kafinta ya haɗa masa dogon akwatin katako, daidai faɗin tsohon ginshiƙin, aka shafe shi da fenti mai yashi, aka tsayar da shi a gurbin. Injiniyan ya zo da zafin rana, ya tsaya a bakin ƙofa, ya nuna ginshiƙan ƙasan ginin ɗaya bayan ɗaya da bayan biro, ya rubuta abin da zai rubuta, ya hau sama. Washegari aka kwance akwatin. Shekara huɗu ke nan, babu wanda ya sake jin ɗuriyar hukuma.

Shirun nan ne ya zama matashin kansa. Duk lokacin da tsoro ya taso, sai ya ce wa ransa ai masu ilimin abin sun zo sun gani, da akwai haɗari da tuni sun kwashe mutane.

Bana sai ƙofar ɗakin kwana ta ƙi rufuwa. Aka kira kafinta ya rage ta, bayan wata biyu ta sake ƙi. A shago wani farin gari ya riƙa zubowa daga silin yana sauka a kafaɗar masu aski, shi kuwa ya riƙa kaɗe shi da buroshi tare da gashi, yana jan su da hira kada su ɗaga kai. Wata safiya matarsa ta kira shi bayan wadrob, ta cusa yatsunta biyu cikin tsagar, suka shige har gaɓa ta biyu. Ta zare su ta goge a zaninta.

Wani tsohon direban hukuma da ke aski a wurinsa ne ya ɓaro zancen, ranar da matarsa ta sauko da abinci. Ya ce rahoton injiniya ai ba sirri ba ne, kayan jama'a ne, duk mai so zai iya zuwa ofishin ajiyar takardu ya cike fom ya nemi gani. Mutane ne kawai ba su san haƙƙinsu ba.

"Ka ji, Baban yara," in ji matar.

Ya ce mata zai je, saboda yara. Ya faɗa wa malamar ma haka a kan matakala, ta yi masa godiya har ya ji kunya. Gaskiyar ita ce abu ɗaya yake son gani a takardar nan: ko an rubuta sunansa. Ko injiniyan ya gane katako ne ya yi shiru, ya je ya rubuta, takardar tana can tana jiran ranarta.

Zuwan farko a bakin get ya juya, ya ce wa matarsa ba su buɗe ba. Na biyu ya shiga. Doguwar baranda ce mai bencina a jere, fanka ɗaya tana juyawa kamar an roƙe ta, mutane rungume da takardu a ƙirji. Masinjan da ke bakin ƙofar ofishin ya dube shi sama da ƙasa ya tambayi sana'arsa. Da ya faɗa, masinjan ya kalli sumarsa da ta yi wata biyu ba a taɓa ba, ya ce lallai kam, an ga alama.

Bayan kantar ofishin wata mata ce mai tabarau rataye da zare, ta manyanta, ba ta ɗaga murya. Ta miƙo masa fom. Suna, adireshi, lambar fili, dalilin nema. Ya ba ta sunan layi, ta ce su ba su san layi ba, da lambar fili suke ajiye fayil, ya je ya duba ɗan ƙarfen da ke manne kusa da mitar wuta. Ya ji daɗin wannan korar kamar ɗalibin da aka ce malami bai zo ba. Amma matarsa ta kwafo lambar da kanta a bayan kwalin sabulu, washegari ya koma.

A gurbin dalili ya daɗe. Ma'aikaciyar ta ce doka ba ta tilasta masa cikewa ba, sai dai fom mai gurbi a buɗe yakan yi nauyin ƙafa. Ya rubuta: mazaunin gidan. Ya sa hannu. Ta buga hatimi, ta shigar da sunansa cikin wani babban littafi, ta ce ya dawo bayan mako biyu. Yana kallo ta rufe littafin a kan sunansa.

Makonni biyun nan bai san ɗanɗanon abinci ba. Duk baƙon da ya shigo da riga mai guga da biro a aljihu, sai ya ce shi ke nan, sun zo. Wani ya kwantar da kai a kujera don a gyara masa gemu, idonsa ya tsaya a silin, daidai murabba'in da aka lafta wa siminti inda ginshiƙin yake a dā. Almakashi ya yi ta jira ya yi magana. Mutumin barci ne ya ɗauke shi. Tsohon direban da ya lura da ramarsa ya ce daman wanzami ba ya son jarfa, mai tonon cikin mutane yau an ce ya je a duba nasa. Aka yi dariya, shi ma ya yi.

Ranar da ya koma, ma'aikaciyar ta shiga ciki ta fito da fayil mai launin ƙasa ɗaure da igiya. Ta ce ƙa'ida ita ce a gabanta zai karanta, ba biro, ba waya, kada ya raba shafi da ɗan'uwansa. Ta zaunar da shi a wani ƙaramin tebur gefen kantar, ta koma kan aikinta.

Shafi uku ne kacal. Ya bi su da yatsa da sauri, yana neman kalmar aski, ko shago, ko sunansa. Babu. Ya sake bi. Babu ko alama. Wani sanyi ya sauko masa tun daga ƙeya har tafin ƙafa, ya ji kamar ya tashi ya rungumi masinja. Shekara huɗu yana gudun inuwa. Sai a lokacin ya koma farko ya karanta a nitse, kamar mai cin abinci bayan an sallami baƙi.

A shafi na biyu aka rubuta cewa ginshiƙan ƙasa huɗu ne, duka suna tsaye lafiya. Tunda huɗun suna nan, tsagar ba ta wuce fulasta ba. Babu haɗari ga mazauna. Ba a buƙatar sake dubawa.

Ya karanta layin sau uku. Tunda huɗun suna nan. Duk rahoton a kan wannan kalmar yake tsaye, kamar yadda ɗakin kwanansa yake tsaye a kan iska. Shirun da ya yi shekara huɗu yana kwana a kai ba shirun masana ba ne. Ƙaryarsa ce ta je ofis, aka buga mata hatimi, ta dawo tana shafa masa baya. Babu wanda ya taɓa duba ginin nan da gaske. A duk faɗin garin mutum biyu suka san katako aka ƙirga a na huɗu, kafintan da ya haɗa akwatin kuwa ya rasu bara.

"Malam, ka samu abin da kake nema?"

Ya ce eh, ranki ya daɗe, ya samu. Ta cire tabarau ta dube shi.

"Shekarata sha tara ina miƙa wa mutane fayil. Mai neman labari daga sama yake farawa. Mai neman sunansa da yatsa yake gudu." Ta mayar da tabarau. "Ba ruwana, ni ajiya aka ba ni."

Ta bayyana masa, da muryar wanda ya faɗi abu sau dubu, cewa a bayan kowane fayil akwai farar takarda da suke kira takardar gyara. Duk wanda ya karanta ya ga kuskure yana da damar rubutawa, fayil ɗin kuma ba zai koma kan kanta ba, teburin babban injiniya zai hau. Ta ce a shekara ba a fi mutum biyu ko uku masu taɓa ta ba.

Ya tambaya ko ana iya rubutawa ba suna. Ta ce takardar da ba sa hannu kwandon shara take shiga. Ya tambaya ko za a tambayi mutum yadda aka yi ya sani. Ta ce wannan ce tambayar farko. Ya tambayi abin da ake yi wa mutum bayan nan. Ta ce ba sashenta ba ne, ta ga wanda aka ja wa kunne, ta ga wanda aka kai kotu.

Ya ɗaure igiyar da kansa, ya miƙa mata, ya yi godiya. Ya fita baranda. Masinjan ya ce a gaida almakashi, in an samu lokaci a gwada shi a gida. Ya kai har bakin matakalar fita. Babu wanda ya kira shi, babu wanda zai kira shi. Zai iya komawa ya ce wa matarsa da malamar hukuma ta rubuta babu haɗari, kuma ba ƙarya ya yi ba, yana iya karɓo musu kwafi mai hatimi su manna a bango. Zai iya neman wani gida a hankali, ya kwashe nasa, ya bar na sama da takardarsu. Wannan tunanin ya zo masa cikakke, da ranar tashi da motar kaya, har ya gane ba yau ya fara yinsa ba.

Agogon barandar ya nuna biyu saura. Lokacin tashin makaranta. Yanzu tagwayen za su shigo da gudu, su hau matakala suna tsere, su yi ta tsalle a kan gado kafin uwarsu ta dawo. Kullum yana jin dirinsu daga shago, farin garin nan yana ƙaruwa a kafaɗar wanda ke kan kujera.

Ba jarumta ce ta mayar da shi ba. Tsoro biyu ne suka kama shi, ɗaya ya fi ƙarfi.

Ma'aikaciyar ba ta kai ga mayar da fayil ɗin ba. Ta kwance igiyar, ta zaro farar takardar, ta ba shi bironta. Ya rubuta: Ba huɗu ba ne, uku ne. Na huɗun katako ne aka tsayar ranar dubawa. Ni na sa aka cire na gasken. Ya sa hannu, ya rubuta lambar wayarsa.

Ta karanta. Ba ta kira masinja ba, ta ɗauki fayil ɗin da kanta.

"Mutum nawa ne a gidan?"

"Tara."

"Zauna a bencin nan. Kada ka tafi."

Da ta hau sama, ya ciro waya ya kira matarsa. Ya ce ta fito da yara waje yanzu, ta tare tagwayen a bakin ƙofa kada su hau, ta nemo maza biyu su sauko da tsohon da ke ƙololuwa.

"Me takardar ta ce?"

"Ta ce lafiya lau."

Ya jira ta tambaye shi dalili. Ba ta tambaya ba. Ya ji numfashinta kawai, da ƙarar wadrob ana buɗewa, sai ya fahimci babu wani abu a maganarsa da ya ba ta mamaki.

"Tsohon ba zai yarda ya sauko ba," ta ce.

"Ku ɗauko shi da kujerarsa."

Daga saman matakala masinjan ya leƙo, wannan karon ba wasa a fuskarsa, ya ce mai aski ya hawo, oga na kira.