Silon Motar Mahaifina

Da mahaifina ya yi ritaya ya koma gida Zariya, ni ya bar wa tsohuwar motarsa, mai kafireta, wato na'urar da ke gauraya wa inji mai da iska, domin ni ce nake sammakon zuwa ofis daga Kawo. A kan titi ba ta da laifi. Amma da na tsaya a cunkoso sai inji ya fara rawa: ya tashi sama kamar zai gudu, ya sauko yana kakkarwa, wani lokaci ya mutu gaba ɗaya, na baya su cika ni da hon. Bakanike biyu na kai wa. Kowanne ya murɗa sukurun silo, wato wanda ke daidaita tafiyar inji idan mota na tsaye, ya ce an gama. Kwana biyu ta koma halinta.

Direban ofishinmu ne ya kwatanta mini wani dattijo Bakatsine a Kurmin Mashi, tsohon direban babbar mota da ya koma gyara. Na je da hantsi, na same shi ƙarƙashin rumfar kwano yana cin gyaɗa.

Bai taɓa sukurun ba. Ya ciro fulogi ɗaya bayan ɗaya ya duba, ya buɗe matatar iska ya kaɗe ta, ya tambaye ni ko ta fi yi da sanyin safiya. Na ce ko yaushe ne. Sai ya sa na tayar, ya dafa gefen motar yana jin rawar injin a tafin hannunsa.

"Ɗiyata, motar nan iska take sata," in ji shi. "Akwai inda ya huje, iska na shiga ta gurɓata mata awon mai."

"To a ina ne, Baba?"

"Nan fa ɗaya. Ƙarar manyan motoci ta cinye mini kunne. Ke za ki ji mana."

Ya miƙo mini guntun tiyo, ya ce in kafa baki ɗaya a kunne, shi kuma ya riƙe ɗaya bakin yana bin jikin kafireta da shi a hankali. Na tattare mayafi na sunkuya. Da farko gunji kawai nake ji. Yana kaiwa can baya, wajen wata siririyar roba, sai na ji wani siririn fito kamar na buta ta kusa tafasa.

"Baba, tsaya nan. Koma baya kaɗan."

Ya danne wurin da babban yatsa. Nan take inji ya natsu. Ya ɗaga yatsa, rawa ta dawo. Sau uku ya yi haka, muna ta dariya ni da shi.

Bakin robar ne ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Ya yanke wurin da aska, ya mayar ya ɗaure, sannan ya daidaita sukurun da aka yi ta wahalarwa, yana tambayata, "Yaya kika ji yanzu?"

Na koma ofis bayan azahar, zuciyata fes. Ina shiga, abokiyar aikina ta kalle ni, ta ɗauko madubi daga jaka ta miƙo mini. Baƙin mai ne ya zagaye kunnena na dama, a haka na gaisa da masu gadi da shugabanmu a matakala.