Safiyar da Na Riƙe Sitiyari

A rugarmu, kusa da Gwiwa, da tatsa nake fara kowace safiya. Da aka kawo ni Kazaure gidan miji, sai na tarar babu saniya ko ɗaya, amma akwai abin da ake tashi dominsa tun kafin assalatu: wata babbar motar ɗaukar kaya, koriya, mai bodin katako.

Lokacin Turawa ke mulki, motocin garin kuwa da yatsun hannu ɗaya za ka ƙirge su. Maigidana direba ne. Motar ta wani attajiri ce mai sayen gyaɗa, shi kuma yana kwaso buhuna daga Roni da Babura ya kai Kano. Gidanmu yana gefen gari, a gindin duwatsu, mu uku ne a ciki, ni da shi da mahaifiyarsa da muke kira Inna. A ƙofar gida motar take kwana, an tokare tayarta da dutse. Gaba kaɗan da inda take tsayawa, hanya takan gangara ta miƙe har wajen wata tsohuwar tsamiya.

Da bazara motar ba ta da gardama. Amma da an gama yankan dawa, sanyi ya sauko daga kan duwatsun nan, sai ta zama wata halitta dabam. Da almuru maigidana yakan tsiyaye ruwan lagireto a garwa, ya lulluɓe kan motar da tsohon gwado. Da asuba ni zan hura wuta, in tafasa ruwan, in kwashi garwashi a kasko in miƙa masa. Yakan durƙusa ya tura kaskon a hankali ƙarƙashin injin, nesa da wajen fetur, don baƙin man da ya daskare kamar man shanu ya narke. Sannan ya ɗura ruwan zafin, ya ɗauko wani lanƙwasasshen ƙarfe ya zura a hancin motar ya yi ta murɗawa. Wani lokaci ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Wani lokaci ko tarin ba ta yi.

Wahalarsa ita ce mutum ɗaya ba ya zama wuri biyu. Da ta yi tari, kafin ya zagayo ya taka totur ta mutu. Mai taya shi aiki a hanya kuwa a Roni yake kwana. Wata asuba ya ɗago kai, yana haki, ya dube ni ina tsaye a bakin zaure da kasko a hannu.

“Zo ki hau,” ya ce.

“Ni, Malam? In Inna ta gani fa?”

“Inna tana lazimi. Kafin ta shafa mun gama.”

Na tattare zanena na hau. Ya nuna mini totur, ya ce da na ji ta yi tari in taka kaɗan kaɗan, kada in danne. Ya nuna mini kuloci da birki, ya ce waɗannan in san su kawai, kada in taɓa. Ranar a murɗawa ta uku ta kama, duk jikina ya ɗauki rawa tare da kujerar.

Daga nan abin ya zama namu. Har yau in na rufe ido ina ganin waɗannan asubahin. Gilashin yakan yi raɓa, in share da bakin mayafi daidai faɗin tafin hannu, in hango gamzaki a rataye kan dutse kamar wanda aka manta ba a ɗauke ba. Cikin motar ƙanshin ɗanyar gyaɗa da fetur da hayaƙin itace. Ban taɓa zama a wuri mai tsawo haka ba. Ina hango rufin gidaje da hayaƙin da ya fara tashi daga cikinsu a miƙe, ina hango hanyar da take sulalewa cikin duhun da bai gama washewa ba, sai in ji kamar motar ta riga ta ɗaga, muna yawo saman gonaki, na wuce Roni, na ga shanunmu a kwance tururi na tashi daga hancinsu. Wani lokaci ina yi wa motar magana ƙasa-ƙasa da Fillanci, yadda nake lallashin saniyar da ta riƙe nono. Sai muryar maigidana ta dawo da ni: “Taka mana!”

A sanyin shekara ta biyu, wata safiya da ruwan randa ke tsinka haƙori, maƙwabcinmu tela ya yi sallama ana idar da sallar asuba. Matarsa kwana biyu ke nan tana naƙuda. Ungozoma ta ce ta yi iyakar abin da ta sani, sai dai a kai ta asibiti a Kano.

Muka yi duk abin da muka saba, har kasko biyu na kawo. Maigidana ya yi ta murɗa ƙarfen har ya tuɓe riga a cikin wannan sanyi, gumi na bin bayansa. Motar ko motsi. Ni ina daga cikin zaure, don ga maza a waje: tela, da ƙanensa, da wani dattijo ladanin masallacinmu, da wasu maƙwabta biyu.

“Sai turi,” maigidana ya ce. “In mun kai ta bakin gangaren za ta kama.”

Ya hau ya riƙe sitiyari, su biyar suka sa kafaɗa. Ta ɗan gusa ta dawo. Suka sake, ta sake dawowa. Ƙarfin mutum ɗaya ya rage musu, shi ne kuwa mafi ƙarfinsu, ga shi zaune a ciki. Babu kuma wanda ya taɓa tuƙa mota a cikin sauran. Ta kan katanga muna jin nishin matar tela, ya yi ƙasa sosai.

Ban san Inna tana bayana ba sai da ta yi magana, da carbi a hannunta.

“Ka sauko ka tura. Yarinyar nan ta hau.”

Maigidana ya ce, “Inna…”

“Kuna tsammani ban san inda take shiga kowace asuba ba? Tagar ɗakina ina take kallo?” Ta dafa kafaɗata. “Je ki, Allah ya dafa miki.”

Na ja mayafi na fito, ban dubi kowa ba. Maigidana ya sa giya da kansa, ya ɗora ƙafata a kan kuloci ya ce in danne har ƙasa. “Ki riƙe sitiyari daidai, ki sa tsamiyar can a gabanki. In kin ji na ce saki, ki ɗaga ƙafar, ki taka totur. In ta kama ki sake danne kulocin. Zan cim miki.”

Ladan ya yi bisimilla da ƙarfi, suka tura. Na ji taya ta murɗa tsakuwa, sannu, sannu, sai kuma nauyin duniya duk ya saki. Motar ta kama gangare ba tare da ƙara ba. Abin da ba na mantawa ke nan, shirun. Dangogin kara suna wucewa ta gefena a hankali, kamar su ne ke tafiya. Gabas ta fara yin ja. Wasu zabi suka watse a gabana, na ga fukafukansu ɗaya bayan ɗaya. Tsoron da na fito da shi ban san inda ya faɗi ba. Na ji kamar na daɗe da sanin wannan hanya, kamar a mafarki na sha bin ta.

“Saki!”

Na ɗaga ƙafa. Motar ta fizge ni gaba, ta yi tari, ta sake yi, na taka totur kaɗan kaɗan, sai ta yi ruri. Na manta da kulocin ɗungurungum. Ta miƙa da ni, tsamiya na ƙara girma a gilashi, ni kuwa na riƙe sitiyarin, wai har murmushi nake yi, in ji shi. Sai ga shi ya ɗare matakin ƙofa, ya zuro hannu ya cire giya, ya ja birki. Muka tsaya taku kaɗan kafin inuwar itacen. Ya dube ni yana haki.

Ya juya motar ya koma. Aka shimfiɗa tabarma da barguna a baya, aka ɗauko matar tela, ungozoma ta hau kusa da ita. Ni a ƙasa na hau tudun, babu takalmi, don na bar shi a zaure, amma ban ji sanyin ƙasar ba sai da na kai gida.

Bayan la’asar maigidana ya dawo da labari. Sun isa a kan kari, an sami ’ya mace, uwar ta wahala ƙwarai amma tana nan da rai. Bayan mako biyu ta dawo a gaban motar, an lulluɓe ta ita da jaririyar a bargo ɗaya. Ni ban sake tuƙa mota ba har na tsufa, tafiyata ke nan duka, daga ƙofar gida zuwa tsamiya. Matan unguwa sun yi ta zancen har damina, wasu na dariya, wasu na riƙe baki.

Washegarin ranar da na riƙe sitiyarin, muna tsakar gida ni da Inna muna ɓarar gyaɗa a hantsi, ta matso da kujerarta, ta rage murya kamar akwai mai ji.

“Ke, wai yaya abin yake?”

Na yi tunani. Na ce, “Inna, kamar mutum yana zaune ne, ƙasa tana zuwa wurinsa da kanta.”

Ta daɗe tana juya kwanso ɗaya a hannu ba ta ɓare ba. Can ta ce ita tun tana yarinya ko jaki tsoro yake ba ta, ta kuma ce in tashi in duba tukunya kada wake ya kama.