Ranar da "Amma" Ta Maƙale Mini

Ni dai tun ina ƙarami an san ni da gardama. Innata takan ce da "amma" na fara magana, ba da "Inna" ba. A ce mini hadari ya haɗo, in ce amma ai gabas ya yi. A aike ni ɗebo ruwa, in ce amma jiya ma ni na je. Na sha ranƙwashi a kan kalmar nan har tsakiyar kaina ta saba.

A Sharaɗa muke zaune lokacin, gidan haya, ni ne babba, ƙannena huɗu. Babana yana aiki a wani kamfanin jimar fata a Challawa. Daga ƙauyenmu na wajen Gumel ya taso shekarun da fari ya cinye gonaki, ya zo Kano neman abin sawa a baka. Kullum a keke yake tafiya, in ya dawo kuwa warin fata ne ke fara yi masa sallama tun daga zaure. Mutum ne da magana ba ta dame shi ba. A shekarar da nake ba da labari ya ɗauko wata sabuwar ɗabi'a, ya koma cin tuwo da cokali. Mu yara mukan ƙyafta wa juna ido, mu ce Baba ya zama ɗan birni.

Ina aji uku na sakandare, farkon shekarun tamanin, aka kawo mana sabon malamin Hausa. Dogo ne siriri, hannun rigarsa kullum fari fat da alli. Ranar farko bai ko tambayi sunayenmu ba, ya juya ga allo ya rubuta da manyan baƙaƙe: GARDAMA.

"Littafi muhawara yake ce mata," in ji shi. "Ni kuwa na fi son kiran abu da sunansa na gida. Wannan zangon kowa zai rubuta gardama da hujjarta, sannan ya miƙe ya faɗe ta da bakinsa a gaban jama'a."

Ajin nan kaf aka juyo ana kallona ana dariya. Ni kuwa ko a jikina. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Da yamma muna cin tuwo, Baba ya tambaye ni abin da ake koya mana, abin da ba kasafai yake yi ba. Ni da bakina mai kama da ƙofar gari, sai na ce, "Gardama, Baba. Har jarrabawarta za mu yi."

Ya ajiye cokalin. "Me ka ce?"

"Gardama."

"Ikon Allah! Wanda ya ishi gida da ita, shi za a ƙara wa a makaranta?" Sannan ya faɗi abin da ashe ya daɗe a ransa. Hedimansu, wato shugaban leburorin sashensu, ya yi masa alkawarin gurbi. Da zarar zangon nan ya ƙare zan ajiye littafi in bi shi Challawa.

Na ce, "Amma Baba..."

"Ka ji ko? Ga ta nan."

Na tsame hannuna daga tuwon. Ina son makaranta kamar raina, kuma na san in Baba ya faɗi magana ba ya maimaita ta.

Bai tsaya nan ba. Da satin aikin dare ya zagayo masa, sai ga shi da safe a makarantarmu, ya jingine kekensa a gindin darbejiya ya ce a kira masa mai koyar da gardama. Ni ma aka kira ni, na tsaya gefe. Malam ya rusuna ya gaishe shi.

Baba ya ce, "Malam, ni ban yi boko ba. A garinmu dai yaro mai gardama bulala ake ba shi, ba maki ba."

Malam ya yi murmushi. "Gaskiyarku, Baba. Irin wadda kuka sani, ni ma bulala nake ba ta. Tawa doka gare ta. Yaro ba zai ce 'amma' ba sai ya fara kawo maganar wanda yake ja da shi, ya jera dalilanta tsaf, har mutumin ya ce 'haka ne' da bakinsa. Sai an ce masa 'haka ne' yake da izinin 'amma'."

Baba ya kalle ni sama da ƙasa. "Wannan? Tabɗi."

"Ku bar mini shi zuwa ƙarshen zango, ku zo ku ji da kunnenku."

"Dama ƙarshen zango na ce," in ji Baba, ya ja kekensa.

Da aka zo rabon batutuwa, wani ya sami birni da ƙauye, wani rediyo da jarida, wani noma da kasuwanci. Ni kuwa Malam ya ce in rubuta a kan ɗan lebura: makaranta ta fi masa ko kamfani? Na ce a raina, an zo wurin. Na zauna na cika shafuka da zafin zuciya, na kai masa ina taƙama. Ya dawo mini da takardar ya zagaye kowace "amma" da jan biro, ta koma kamar mai ƙyanda.

"Sarkin Amma," in ji shi, don sunan da ya laƙaba mini ke nan, "wannan ihu ne. Wa ya gaya maka? A ina ka gani? Hujja iri uku ce: abin da idonka ya gani, abin da ka ji daga bakin wanda ya sani, da abin da aka rubuta. Kuma da dalilin babanka za ka fara. Je ka nemo mini shi."

"Malam, ai ba shi da wani dalili."

Kai! Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci irin na ranar ba. "Mutumin da ya ciyar da kai tun kana tsumma shi ne ba shi da dalili? Fita ka ba ni wuri."

Na fita ina huci. Har ga Allah ranar na tsani mutumin nan.

Haka na shiga yawon neman hujja. Na je laburare a cikin gari na juya tsofaffin jaridu, na ga yadda ake ta maganar kamfanoni suna rage ma'aikata saboda ƙarancin kayan aiki. Na taka har Bompai wurin wani maƙwabcinmu, akawu a kamfanin alewa, ya ce mini in an tashi sallama marasa takarda ake fara nuna wa ƙofa. Duk waɗannan nawa ne, na rubuta su ina jin daɗi. Na Baba ne ban samu ba, don tambayarsa kai tsaye ba ta taso ba.

Sai na je ƙofar kamfaninsu a Challawa lokacin canjin aiki, ranar da na san ba ya nan. Jiniya ta yi kuka, mutane suka ɓarko waje, masu abinci suna ta zuba wake da shinkafa. Na nemo abokinsa, wani dattijo mutumin Damagaram da suke aiki tare a ramin da ake jiƙa fata a cikin magani don gashi ya zube. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya kawo ni.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Yaro, yaushe rabon da ka ga ubanka ya sa hannu a miya?"

Na ce, "Ai da cokali yake ci."

"Kuna zaton gayu ne cokalin? Maganin nan ya cinye masa hannu. Yaji ya taɓa wurin, sai hawaye. An riga an ja masa kunne, in hannun ya ƙi za a sallame shi. Shi ya sa ya roƙa maka gurbi tun yana da fuskar roƙo. In aka sallame shi kafin nan, wa ya san ka a ƙofar nan? Ƙannenka kuma su ci me?"

Da magariba na laɓe ina kallon Baba yana alwala. Tafin hannunsa duk ya tsattsage, tsakanin yatsun ya yi ja. Da ruwa ya taɓa sai ya ciji leɓe, ya ci gaba kamar ba komai. Gida ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci, ban taɓa gani ba sai da Malam ya kore ni in je in duba.

Na sake rubutun daga farko. Malam ya karanta a tsaye, ya ninke takardar, ya ce, "To, yanzu ka fara."

Saura faɗa da baki. A gindin darbejiyar nan yake tara mu bayan an tashi. Wannan ya hana shi rangaji kamar mai tilawa, wancan ya hana shi sosa ƙeya. Ni kuma ya ce ina hawa magana kamar keken da ba birki, in riƙa tsayawa ina shan iska. Babbar matsalarmu duka ita ce sunkuyar da kai. Muka ce masa a gida an hana mu kallon idon babba.

"Wa ya ce ku kalli idonsa? Ku kalli hularsa. Shi zai ga kanku a ɗage, ku kuma ba ku yi rashin kunya ba."

Har yau in na tsaya gaban manya, hula nake kallo.

Ranar jawabi aka cika ɗakin taro da ɗalibai da malamai. Iyaye ba su da yawa, don galibinsu suna wurin aiki. Baba ya yi musayar aiki da abokinsa ya zo. Bai zauna ba. Ya tsaya can baya jikin taga, da hularsa ta zuwa Juma'a, hannuwansa a cikin aljihun riga.

Da aka kira ni, na nemi hular nan na kafa mata ido. Na ce masu cewa ɗan lebura ya bar makaranta ba maƙiyan ilimi ba ne. Na ce takardar shaida sai an jira ta, yunwa kuwa ba ta jira. Na ce gurbin aiki a kamfani ba ya zama yana jiran mutum, sai da wanda zai tsaya maka, kuma mai tsaya maka ba kullum yake nan ba. Sannan na ce na san wani mutum da yake cin tuwo da cokali ba don gayu ba, sai don hannun da yake ciyar da mutum shida da shi ya daina jure miya. Na ce irin wannan mutumin in ya ce ɗansa ya zo ya karɓe shi, mai ɗaki ne, shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga can baya na ji muryar Baba, ba da ƙarfi ba, kowa dai ya ji.

"Haka ne."

To, an ba ni izini ke nan. Ga jaridun laburare a kaina, ga maganar akawun Bompai, duk na haddace. Kalma ɗaya ta rage in faɗa in wuce. Na buɗe baki, ta ƙi fitowa. Ni fa, Sarkin Amma! Idona ya zame daga hular ya sauka kan aljihun nan biyu, na ji a raina cewa gaskiyarsa ce, in an yi hutu zan bi shi Challawa kawai. Na waiwayi Malam ko zai cece ni. Ya harɗe hannu yana kallona kawai. Yara suka fara motsi a kan benci.

"Amma."

Kowa ya juya baya. Baba ne. Ya zaro hannuwansa daga aljihu ya ɗaga su, mutumin da ko a gida ɓoye su yake yi.

"Amma ni ban haife shi don ya gaji wannan ba. Ci gaba, yaro, kai ake jira."

Na ci gaba. Kada a tambaye ni me na faɗa, don hawaye da majina ne suka ƙarasa jawabin. Na biyu Malam ya ba ni, wai na bar wani ya faɗi mini layina. Mutumin nan ba ya ragi ko na sisi.

A waje Baba ya same shi ya ce, "Malam, kun shammace ni. Na zo jin gardamarsa, kun sa na yi ta da kaina."

Malam ya ce, "Ai kun bi doka, Baba. Sai da kuka ce 'haka ne' tukuna."

Ba zan ce daga nan komai ya yi daɗi ba. Shekara ba ta zagayo ba aka sallami Baba, ya koma gadi a wani sito a Dakata, Inna ta kama sayar da ɗanwake. Mun sha wuya, wuya ta gaske, kuma bai taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya. Na gama makaranta, na zama malami ni ma, ƙannena suka bi bayana. Dokar nan ta "haka ne" na koya wa yaran da ban san adadinsu ba. Malam ya daɗe da rasuwa, Baba ma haka. Allah Ya jiƙansu, Ya saka musu da Aljanna. Ɗaya ya koya mini in saurari mutum kafin in ja da shi, ɗayan ya biya kuɗin karatun da fatar hannunsa. Ina gode musu kullum, kuma na san godiyar ba ta kai ba.

Ranar jawabin nan dai, da muka tashi komawa gida, Baba ya miƙo mini kan keken ya ce in tuƙa, shi ya hau baya. A da sai in ɗauka gwada ni yake. Yanzu na san riƙon ne yake masa ciwo. Muna tafe a hankali, manyan motoci suna wuce mu. Sai da muka kusa Sharaɗa ya yi gyaran murya.

"In an koma makaranta bayan hutu, ka riƙa fita da wuri. Ban son a ce kana makara."

"To, Baba."

Ya ɗan jira. "Ba amma?"

"Babu, Baba."