Ranar da Teku Ya Ƙafe a Klang

Matata ta iso Kuala Lumpur da kewar gida fal ranta. Kullum maganarta ɗaya, ita fa Kano za ta koma. Ni kuwa karatu ya riƙe ni, ga tsoron kada ta tafi ta bar ni.

A wani shagon tsofaffin littattafai kusa da unguwar Chow Kit na ci karo da taswirar gaɓar tekun garin Klang ta zamanin Turawa. Takardar ta yi ja, amma komai na nan: layin dogo har bakin ruwa, matatsar manja, wurin tsaga katako, ƙauyukan masunta, da rafuka shuɗaye kamar jijiyoyin ganye. Na shimfiɗa ta a tabarma. Sai ga matata ta matso ta ɗora yatsa.

"Nan ne teku? Kai ni in gani."

Muka hau jirgin ƙasa, ina ta nuna mata tashoshi a takarda sai ka ce ni na zana. Matatsar ta zama gidajen bene, amma ɗaya daga cikin rafukan na nan, muka bi shi har ƙarshe. Inda taswira ta ce ruwa, taɓo muka tarar iya ganin ido, kwale-kwale kwance a kai, ƙaguwoyi na ta yawonsu.

Kunya ta kama ni, amma Bakano ba ya rasa bayani.

"Ai rani ne," na ce. "Ya ƙafe, kamar kogin Challawa. Sai damina mu dawo."

Ta yarda, don ita ma iyakar saninta ke nan. Muka zauna rumfar wani tsoho mai soya kifi, ina ci ba na jin daɗinsa. Bayan la'asar matata ta taɓa ni.

"Malam, ga daminar taka nan ta iso."

Ruwa ne ke shigowa a hankali, ba hadari ba iska, yana ɗaga kwale-kwalen ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi tsohon, ya ce kullum haka ruwan yake, ya janye ya dawo. Matata ta yi dariya har da riƙe ciki, tsohon na taya ta ba tare da ya san dalili ba. Ban taɓa jin daɗin shan kunya irin na ranar ba.

A jirgi ta karɓe taswirar daga hannuna, ta nuna wani rafi can sama.

"Wannan sai bayan Sallah," ta ce. "Amma ni zan ja gaba."