Inna Talatu Mai Sabara, Wadda Ta Ce a Tayar da Mashin

Kafin hantsi ya dubi ludayi, Inna Talatu ta dawo daga bayan gari da ɗaurin sabara a ka. Shekara arba'in ke nan tana yi wa matan Malikanchi wankan jego. Ta dafa ganye, ta zaunar da maijego, ta shiga fyaɗa mata ruwa, hannunta kuwa ba ya wuce ƙirjin mace bai laluba ba.

Bara ne Sadiya, jikarta da ke karatun haɗa magunguna a jami'a, ta ɗebi sabarar Inna ta kai ɗakin gwaji. Bayan watanni ta bugo waya tana murna: sinadarin da ta tace daga ganyen ya kashe ƙwayoyin sankarar mama a cikin ɗan faranti. Kafin la'asar labari ya isa har garin Janfalan, ya yi ƙiba a hanya, wai Inna ta samo maganin daji.

A makon da labarin ya bazu ne tana yi wa wata maijego, Murja, wanka, yatsanta ya ci karo da wani ƙullutu a nononta mai tauri kamar gurjiya. Inna ta san ruwan nono idan ya daskare. Wannan ba shi ba ne.

Da ta faɗa musu, Mamuda, mijin Murja, har da dariyarsa. "To Inna, ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Ki dafa mata sabarar nan mana."

"Kai Mamuda, matar taka faranti ce? Ita Sadiyar da bakinta ta ce ko a jikin ɓera ba a gwada ba tukuna. Tayar da mashin, asibiti za mu."

"Inna, can fa yanka mutum suke yi."

"Ka ga tsutsa a rakenka, zama kake yi sai ta cinye gonar? Tashi, malalaci!"

Sau huɗu tana raka su asibiti a Zariya, jaririyar a bayanta. Likita ya ce sankara ce, amma an zo da wuri. Aka cire, aka ɗora magani. Jiya na ga Murja tana surfe, 'yarta na ta tatata a gefen turmi.

Inna, ke ce kika samu damar zama shahararriya kika ture. Da wani ne, da tuni ya ɗaura lasifika a kan mota yana zaga kasuwanni da kwalba ɗaya mai warkar da basir da daji. Mu kuma 'yan boko, da takardunmu, mu ne kan gaba wajen yaɗa labarin a waya ba tare da tambaya ba. Kunya ta ishe mu!

Sadiya na can tana ci gaba da bincikenta, Allah Ya sa wata rana sabara ta zama magani na gaske. Kafin ranar, mun gode, Inna, Allah Ya ƙara wa hannun nan lafiya. Mata, ku laluba ƙirjinku. Maza, idan an ji wani abu, kada ku tsaya gardama, ku tayar da mashin.