Baƙon da Bai San Ana Ganinsa Ba

Mosh Pintilie, wato Dattijo Pintilie a harshenmu, ya yi shekara talatin yana tuƙa tarakta a gonar gwamnati, kuma har gonar ta watse bai yarda ta watse ba. Idan ka ce masa Tarayyar Sobiyat ta mutu, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Kai ka yi mata wanka?" Ni Nikifor, direban ƙaramar bas mai jigilar kaya tsakanin ƙauyenmu na Moldoba da Italiya, ban taɓa zaɓen jam'iyyar da yake zaɓa ba, amma ina ƙaunar tsohon nan. Taurin kai ne da shi na fitar hankali, sai dai ba ya ƙarya. Lokacin da kowa ke kwashe ƙarafan gonar yana sayarwa, shi ko ƙusa bai ɗauka ba.

Da aka kawo kwamfuta ɗakin karatun ƙauye, Tanti Profira mai kula da wurin ta buɗe masa shafi a dandalin intanet ɗin nan na tsoffin 'yan aji ɗaya, wanda duk ƙasar ta rufta a kai. Wai don ya nemo abokansa na aikin soja. Ta ɗauke shi hoto da hularsa mai maiƙo ta liƙa. Ya kuwa same su, wani a Yukren, wani a Kazakistan, amma gaisuwa ɗaya suka yi aka koma musu: farashin gas, yaƙin Jojiya, ko mu bi Rasha ko mu bi Turai. Da yatsa ɗaya yake bugawa, yana huci. Kuma da baƙaƙen Rasha yake rubuta harshenmu, yadda aka koya masa yana yaro. Tun da ƙasa ta koma baƙaƙen Latin ya rantse hannunsa ba zai rubuta su ba, ya ce na 'yan Romaniya ne.

'Ya ɗaya gare shi, Stelutsa, wadda ya raina shi kaɗai bayan rasuwar uwarta. Ita ma kanta irin nasa ne, sai dai ta fuskanci yamma. Tana jami'a a Kishinau, babban birninmu, aka yi wani zaɓe da matasa suka ce an yi maguɗi. Ta waya da intanet suka kira juna zuwa babban fili, kashegari abu ya ƙwace, har aka cinna wa ginin majalisa wuta. Da ta zo gida ƙarshen mako, ina tsakar gidansu ina sauke masa buhun taki.

"Har da ke?" in ji shi.

"Tata," ta ce, haka muke kiran uba, "kyandir kawai na riƙe."

"Kyandir! Kun ƙone gidan ƙasa saboda wasu da ba su san sunanki ba. Je ki Turan naki su ciyar da ke."

"Kai ma ka jira Mosko ta zo ta nome maka inabi!"

Ya nuna mata ƙofa. Ita kuma ba ta tsaya a roƙe ta ba. Kafin kaka ta yi, ni da kaina na kai ta birnin Padoba na Italiya a bas ɗina, inda ta samu aikin jinyar wata tsohuwa. Raina ya ɓaci da su duka biyun. Duk tafiya sai na tsaya ƙofarsa na ce, "Mosh, ba saƙo?" Ya ce, "Saƙon wa? Ba ni da kowa a can."

Wata Lahadi a filin da motocinmu ke tsayawa a Padoba, Stelutsa ta ja ni shagon intanet da ke tsallaken titi. "Nene Nikifor," ta ce, wato Kawu Nikifor, "zo ka ga wani abu." Ta buɗe shafinta ta danna wata kusurwa da ake kira Baƙi. Dandalin nan yana da wani hali: duk wanda ya leƙa shafinka, sai ya nuna maka fuskarsa. Sai ga hula mai maiƙo. Jiya ga shi, shekaranjiya ga shi, ta ja ƙasa har hannunta ya gaji, shi ne dai. Ashe kullum idan ya gama zagin Amurka sai ya waiga ya ga ko Profira na kallo, ya lallaɓa ya buɗe hotunan 'yarsa. Shi bai taɓa danna wannan kusurwa a nasa shafin ba, musu kawai ya sani. A zatonsa ta kafar katanga yake leƙe.

"Kar ka gaya masa," ta ce, tana dariya tana share ido. "In ya sani zai daina."

Ban gaya masa ba, Profira ma ba ta gaya masa ba, ko da yake ta daɗe da sani. Stelutsa ta shiga sa hotuna dominsa: ga ta da rigar sanyi mai kauri, ga ta tana tuƙa mamaliga, tuwon masararmu, a tukunyar Italiyawa. Haka suka ci gaba har hunturu ya shigo, Profira ta gaya mata tsohon yana tari, yana kuma yawo ba mayafin wuya. Nan haƙurin Stelutsa ya ƙare. Ta sa sabon hoto, ta rubuta a ƙarƙashinsa da baƙaƙen Rasha, waɗanda take yi wa ba'a tun tana sakandare: "Tata, ina ganinka. Ka ɗaura mayafi a wuyanka."

Profira ta ce da ya karanta, ya miƙe zumbur, kujerar ma sai da ta faɗi. "Wato ku duka kun sani? Kun mai da ni abin dariya!" Ya fice ko ƙofa bai rufe ba. Fuskarsa ta ɓace daga Baƙi. Stelutsa ta riƙa kirana a waya tana cewa ta ɓata komai, ni ma kuwa na ɗauka shi ke nan.

Ana gab da Kirsimeti na shiga ɗakin karatu kai wa Profira kwalin da ɗanta ya aiko. Sai ga Mosh Pintilie ya shigo cikin kwat ɗin da ya yi aure da ita, ya yi aski, mayafi a ɗaure a wuya. Ko kallona bai yi ba.

"Profira, ɗauko abin hoton nan. In dai dole sai ta gan ni, ba da wannan hular ba."

Ta ɗauke shi, ta canza hoton. Ya zauna gaban kwamfuta ya tsura wa madannan ido. Can ya yi gyaran murya ya ce, "Juya min shi zuwa nasu baƙaƙen." Profira ta juya masa zuwa baƙaƙen Latin. Ya daɗe yana farautar kowane harafi da yatsa ɗaya, gumi na tsatso masa a cikin wannan sanyi. Da na matso in taimaka, ya ce, "Kai direba, tsaya a layinka."

Har ya mutu jam'iyyarsa yake zaɓa, ita ma tata take zaɓa, kuma duk zuwanta gida sai maƙwabta sun ji muryoyinsu daga kan teburin abinci. Amma a tafiyata ta gaba zuwa Padoba, bayan wannan Kirsimetin, Stelutsa ta nuna min abin da ya rubuta a ranar, cike da kurakurai, wani harafin ma ba wurinsa ba ne:

"Kin yi kuskure a kan Turai. Na ɗaura mayafin. Ki zo gida mu ƙarasa musun."

Ranar da ta nuna min, da jakarta ta zo filin motoci, ta zauna a kujerar gaba ta bas ɗina.