Hannun da Gwaggo Ta Ɗaga

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, wata ranar Laraba, Gwaggo ta kama hannuna ta ɗaga sama a tsakiyar mata 'yan suna. Na san lokacin daidai, domin a shekarun nan duk sanda kunya ta kama ni agogona nake kallo. Baba ne ya sayo min shi a kasuwar Kura da na ci jarrabawar shiga sakandare. Na roba ne, baƙi, kuma sai da aka ƙara huda madaurinsa da ƙusa kafin ya zauna a hannuna. Shekarata goma sha uku.

Gwaggo yayar Baba ce. A Bunkure take aure, ba ta zuwa ƙauyenmu sai an yi haihuwa ko rasuwa, idan kuwa ta zo ita ce bakin taro. Ta zagaye damtsena da yatsu biyu, suka haɗu har da rara.

"Ku zo ku ga ikon Allah," in ji ta. "Uba yana noma rani da damina, uwa tana dafa gumin shinkafa, ga 'ya kamar sillen kara. Amarya, duka kuke kaiwa kasuwa ne?"

Amarya take ce wa Inna, ko da yake a lokacin Inna ta haifi biyar. Mata suka kwashe da dariya. Inna ma ta yi dariyar, ta ce, "Littafi take ci, Yaya." Aka ƙara wata dariyar. Ni dai idona na kan agogo har aka saki hannun.

A yankinmu ramar yaro zagi ce ga gidansu. Ruwan kanal yana wucewa ta bayan gari shekara zagaye, ana girbe shinkafa a dasa tumatir, a cire tumatir a shuka masara. Wanda ya zo daga inda ake jiran damina zai iya ramewa a tausaya masa. Mu ba mu da wannan uzurin. Idan 'yarka ta rame, to ko kai marowaci ne, ko matarka ba ta da hannu.

Kwana biyu bayan sunan, dillaliyar da take shiga gida-gida da atamfofi da turare ta zaro wa Inna wani ƙullin leda daga ƙasan kwallarta. Ƙwayoyi ne ƙanana, farare da ruwan ɗorawa, babu kwali, babu takarda. Sha-ka-fashe ake ce musu. Inna ta ce min maganin buɗe ciki ne, in sha biyu da safe, biyu da yamma.

Abin da ya fi ƙona min rai har yau shi ne yadda na sha su. Da wata yarinyar ce, da ta sha kwana uku ta manta. Ni ba na mantuwa. Na ɗauki rula na ja layuka a bayan littafin lissafina, kowace rana da gida biyu, ina sha ina yin maki. Wata bakwai ban tsallake gida ko ɗaya ba. An ba ni aiki, na yi shi da kyau, kamar yadda nake yin kowane aiki.

A mako na biyu yunwar ta zo. Ba irin wadda na sani ba ce, wadda take lallaɓowa da azahar. Wannan tana tashina tun kafin kiran assalatu, ta bi ni makaranta, ta zauna da ni a benci. In cinye tuwona, in suɗe na ƙannena, in koma tukunya in kankare ƙanzo. Gidanmu kuwa ba a rasa abin ci. Inna tana jiƙa shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, ta turara ta a rabin durom, ta shanya a tsakar gida, a kai inji. Tsakin da ya rage bayan an tankaɗe namu ne, kullum akwai dambu ko fate. Ga dankali, ga rake, ga gasasshiyar masara ko a watan da wasu garuruwan ba sa ganin ɗanyen ganye. Kumatuna suka cika, agogon ya koma hudarsa ta asali, sannan ya wuce ta. Inna tana kallona tana murmushi.

Malamar kimiyyarmu ce ta ga ina gyangyaɗi a aji da fuska kamar faranti, ta tambaye ni, na nuna mata layukan bayan littafin ina jiran yabo. Ta kai ni asibitin garin, ma'aikaciyar jinya ta aika aka kira Inna, ta yi mata faɗa sosai, ta tsara yadda za a janye ƙwayoyin a hankali. Na bi wannan tsarin ma ba kuskure.

Ƙwayoyin suka tafi, cin bai tafi ba. A watannin nan bakwai na saba da karatu da kwano a gefe, hannun dama na juya shafi, na hagu na kai loma. Abu biyun suka manne. In na buɗe littafi babu abin taunawa, sai haruffan su tsaya a takarda su ƙi shiga kaina. Ni da nake yi wa littattafaina riga da takardar siminti, ni da ban taɓa naɗe kunnen shafi ba, sai ga maiƙon ƙuli-ƙuli a kan taswirar Afirka. Nakan ɓoye gurasa a ƙarƙashin hijabi, in ci a bayan ɗaki a tsaye, da sauri, ba don daɗi ba. Sau da yawa ban ma san na fara ba sai na ga kwanon babu komai.

Ina aji huɗu aka yi sunan ƙanwata ta ƙarshe. Gwaggo ta shigo, ta tsaya, ta dube ni sama da ƙasa.

"A'a. Wannan buhun shansherar na waye? Amarya, ki rufe rumbu. Ranar da za a kai ta ɗaki sai dai a nemo amalanken shanu."

Matan da suka yi dariyar farko su ne suka yi ta biyu, a tsakar gidan nan, kusan a kan tabarmin nan. Sunan ya bi ni. A hanyar makaranta, ta kan gadar kanal, masu tsinkar tumatir sukan ce, "A matsa, ga shanshera nan." A Islamiyya duk sanda malam ya zo kan illar haɗama, sai 'yan aji su waiwayo. Babu wanda ya tuna da ledar dillaliya. Abin ya zama halina: yarinya mai ci, marar kamun kai.

Na ɗauki tef ɗin awo daga akwatin keken ɗinkin Inna. Ma'aunin nauyi ɗaya ne a garin, yana ɗakin awon masu ciki, budurwa kuwa ba ta shiga can ta fito da mutuncinta. Don haka kowace Juma'a da safe nakan auna ƙuguna da damtsena in rubuta. Na yi azumin Litinin da Alhamis, ina jin kunyar Allah domin na san niyyata ba tasa ba ce, da magariba kuma in rama abin da na bari har da riba. Na sha ruwan zafi da lemon tsami. Na sha jiƙon tsamiya har haƙorana suka mutu. Na sha wani shayin rage ƙiba da ya sa na yini a banɗaki, kuma dillaliyar nan ce dai ta kawo shi, daga kwallar nan, ko kunya babu. Inci biyu su sauka, jarrabawa ta matso, in buɗe littafi, uku su hau. Littafin awon yana nan a wurina. Duk wanda ya duba zai iya gane watannin jarrabawa ba tare da an faɗa masa ba.

Sai da na sami kwalejin horon malamai a birni na ga hanya. Ɗakin karatun kwalejin yana da mai gadi da ba ya bari a shiga ko da gyaɗa. Makon farko na zauna gaban littafi ina karanta layi ɗaya sau goma, bakina na tara yawu, hannuna na hagu na lalube a kan tebur. Na zauna a kan hannun. Na daina karatu a ɗakin kwana gaba ɗaya. Daga ɗakin kwanan zuwa aji tafiya ce mai nisa, na daina hawa acaɓa. Ba wanda ya san abin da nake yi, ba wanda ya taya ni. Hutu biyu na ƙi zuwa gida, na zauna wurin ƙanwar Inna a cikin birnin, don na san abin da ke jirana a tukunyarmu. Shekara ɗaya da rabi. A ƙarshenta ina iya karanta babi guda ban tuna da abinci ba, na hau bene ban tsaya haki ba, na kai kayana wurin tela aka rage.

Na koma gida lokacin girbin shinkafa, ina ɗokin a gan ni.

Mata suka shigo yi min sannu da zuwa, gaisuwar ta yi gajarta. Maƙwabciyarmu, wadda na yi wa rainon 'ya'ya uku, na miƙa hannu zan karɓi jaririnta ta ce yana barci, alhali idonsa biyu. Na sha ruwa a randa, na ga an ware moɗar gefe. A shekarun nan kullum rediyo yana maganar ƙanjamau, kuma abu ɗaya kowa ya riƙe daga ciki, cewa mai ita ramewa yake yi. Yarinya ta tafi birni da jiki, ta ƙi zuwa hutu, ta dawo a bushe. Ba sai an ƙara komai ba.

Gwaggo ta zo a rana ta huɗu, ba haihuwa ba rasuwa. Ko mayafi ba ta cire ba ta ce, a gaban masu taya Inna shanya, "Ni dai a kai ta a gwada. Rama irin wannan ba ta Allah da Annabi ba ce."

Na je na yi gwajin, na kawo takarda. Aka ce takarda ai saye ake yi a birni. Baba ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci, yana idar da salla ya wuce gona. Masu kawo wa Inna shanshera biyu suka koma wani gidan. Wata azahar Inna ta shigo ɗaki da kwanon dambu, ta zuba masa mai har yana ƙyalli, ta ajiye a gabana, a kan littafin da nake karantawa.

"Ki ci, 'yar nan. Don girman Allah ki rufa mana asiri. Jikinki ne kaɗai zai rufe bakinsu."

Na ci. Ranar farko don Inna na ci, ta biyu ma haka. Ba zan yi ƙarya ba, a rana ta uku don kaina na ci, na kuma koma tukunya. Abin da na kwantar shekara ɗaya da rabi ashe barci kawai yake yi. Kafin hutun ya ƙare an mayar da moɗar kan randa, maƙwabciya ta ɗora min jaririnta a cinya, Baba ya koma majalisa. Ni kuma na warware ɗinkin da tela ya yi. Tun daga nan na sauke jikin nan sau uku, sau uku yana dawowa, kuma ko yanzu da nake rubuta wannan, a kan hannuna na hagu nake zaune.

Shekarar da na gama kwaleji aka yi wa Gwaggo jika, muka tafi suna Bunkure. Na sa tef ɗin awo a jaka. Ni ba mai magana ba ce, sai da na yi kwana uku ina tsara abin da zan faɗa. Bayan la'asar na same ta a ɗakinta ita kaɗai, tana kasa goro a faranti. Na durƙusa na gaishe ta, sannan na ajiye tef ɗin a gabanta.

"Mene ne wannan kuma, 'yar boko? Ɗinki kika koma?"

"Gwaggo, tambaya gare ni."

"Allah ya sa na sani."

"Ina shekara goma sha uku kin ɗaga hannuna kin ce sillen kara. Aka ba ni ƙwaya wata bakwai. Da na yi jiki kin ce buhun shanshera, har yau da shi ake kirana. Da na rage kin ce a kai ni gwaji." Ban tsallake komai ba. "Shekara tara ke nan ban ci loma ɗaya da kwanciyar hankali ba. Ga tef. Ki nuna min inda kike so in tsaya, in tsaya a nan."

Ta dubi tef ɗin, ta dube ni. Na yi zaton za ta yi faɗa, na shirya wa faɗan. Na yi zaton ko za ta yi kuka, shi ma na shirya masa. Sai na ga tana ƙoƙarin tunawa ne da gaske, goshinta ya tattare, goro ɗaya a hannunta ba ta ajiye ba.

"Sillen kara," ta ce a hankali. "Ni na faɗa?"

"Ke kika faɗa. Ranar Laraba, ƙarfe huɗu da minti ashirin."

Ta yi 'yar dariya, ta jefa goron a faranti, ta turo min tef ɗin da bayan hannu.

"Ke kuwa riƙewa kika yi? Wallahi ban tuna ba. Ai taron suna ne, 'yar nan, dole a sami abin faɗa. Da ba ke ce a kusa da ni ba, da wata na kama."